Akwatin Kifin Teku a Wani Ƙauyen Ringim: Nazarin Aikin Tankin Ƙasa

Ɗan yayana malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa, kuma ya daɗe yana koyar da darasin rayuwar teku daga hoton littafi ga yaran da ba su san wani ruwa ba sai kogin Haɗeja da kududdufan damina. Wannan ne ya sa ya ƙudura niyyar kafa ƙaramin akwatin gilashi na ruwan gishiri a gidansa, domin ɗalibansa su riƙa zuwa suna ganin kifin teku da idonsu. Ya zo wurina ne saboda na shekara da yawa ina kiwon tarwada a tankin siminti, ya ce: "Baffa, kai ka san halin ruwa da famfo, ni kuma na karanta na gishiri, ina so mu haɗa hannu." Abin da ke biye bayanin yadda aikin ya gudana ne cikin kusan shekara guda, daga yankan gilashi a watan Fabrairu zuwa ƙarshen hunturun da ya biyo baya.

Tun farko na gaya masa cewa ilimina na tarwada ba zai kai mu nesa ba. Tarwada kifi ce mai jure wahala, tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, don haka takan rayu a ruwan da ya gurɓace har ya yi wari. Kifin da ke zaune a duwatsun murjani kuwa ya fito ne daga ruwan da kusan ba ya sauyawa: gishirinsa kimanin giram 35 ne a kowace lita, zafinsa kuma yana tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin Salshiyos dare da rana. Irin wannan kifi shan ruwan teku yake yi, yana fitar da gishirin ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kansa, saboda haka duk sauyin da ya zo masa farat ɗaya wahala ce ga jikinsa. Aikinmu ke nan ya zama samar da ruwan da ba ya sauyawa a ƙasar da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, sanyin Janairu ke sa mutum jin ɗumi da asuba, wutar lantarki kuma ke zuwa lokacin da ta ga dama.

Girman akwatin da dalilin tankin ƙasa

Mai yankan gilashi a Kano ya haɗa mana akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 40, tsayi 40, wanda in an cika shi fal zai ci lita 96. Mun sa an huda ramuka biyu a bangonsa na baya kusa da sama tun kafin a manne shi, muka kuma nace a yi amfani da silikon marar maganin funfuna, domin wanda ake sa wa a banɗaki yana ɗauke da sinadarin da ke cutar da kifi. Mai walda ya yi teburin ƙarfe, aka shafe shi da fenti kashi uku saboda ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe lafiya, kuma nauyin da zai ɗauka, ruwa da dutse da gilashi, ya haura kilo 120.

A ƙarƙashin teburin muka ajiye akwati na biyu, mai tsawon santimita 50, faɗi 30, tsayi 30, wato lita 45. Shi ne tankin ƙasa, wanda masu wannan harka ke kira samp. Ruwa yana malalowa daga akwatin sama ta bututu da nauyin kansa, ya ratsa ɗakunan tankin ƙasa, sannan ƙaramin famfon lantarki ya mayar da shi sama. Da gilasai biyu muka raba shi gida uku: ɗakin farko inda ruwa ke faɗowa cikin jakar tacewa, kusa da na'urar da ke kaɗa ruwa da iska ta fitar da datti a kumfa, wadda ake kira sikima, ɗakin tsakiya mai gutsattsarin dutse, sai ɗakin ƙarshe mai faɗin santimita 15 inda famfon yake.

Yayana, mahaifin malamin, ya ga cewa akwati na biyu ɓarnar kuɗi ce, tunda ana iya rataya matata a jikin na sama. Ni kuwa ina ganin a yanayinmu tankin ƙasa ya fi na sama muhimmanci. Yana ƙara yawan ruwa, daga kimanin lita 78 da suka rage a sama bayan an zuba dutse da yashi zuwa kusan lita 100 gaba ɗaya, kuma ruwa mai yawa ya fi jinkirin zafi da jinkirin lalacewa. Faɗowar ruwa daga sama tana shigar da oksijin, abin da ake matuƙar bukata domin ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe oksijin ba, ruwan ɗumi kuma bai kai mai sanyi ba. A can ƙasa ne kuma ake sa fanka da hita, ake ƙara ruwa, ba tare da an firgita kifi ba.

Daren da ruwa ya malala

Mun yi dabara ɗaya da ta cece mu, wato muka fara gwada komai da ruwan burtsatse zalla kafin a taɓa gishiri. A dare na biyu wuta ta ɗauke wajen ƙarfe ɗaya, da asuba maiɗakin malamin ta tarar da tabarma ta jiƙe sharkaf, ruwa ya bi ƙarƙashin ƙofa har tsakar gida. Ya kira ni a waya hankalinsa a tashe yana cewa gilashi ya tsage, na ce ya duba tankin ƙasa tukuna. Ya tarar da shi cike fal har baki, akwatin sama kuma ya sauka da kusan tsawon ɗan yatsa, babu tsaga ko ɗaya.

Lissafin abin mai sauƙi ne, sai dai ba mu yi shi ba sai da ruwa ya zube. Fuskar akwatin sama santimita 60 ce sau 40, saboda haka kowace santimita ɗaya ta zurfin ruwa lita 2.4 ce. Bakin bututun da ke mayar da ruwa sama mun nutsar da shi santimita 5 a ƙarƙashin ruwa don kada ya riƙa fantsama. Da famfo ya tsaya, sai bututun ya juye ya zama mazuƙi, daidai yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo, ya ci gaba da janyo ruwa ƙasa har sai da bakinsa ya fito fili ya sha iska. Santimita 5 sau 2.4 lita 12 ke nan, ga kuma kusan lita ɗaya da ke cikin bututu. Tankin ƙasa kuwa mun cika shi har saura santimita 4, fuskarsa kuma lita 1.5 ce a kowace santimita, wato gurbin lita 6 kacal muka bari. Lita 13 ta sauko inda ke da wurin lita 6, saura 7 ta kwanta a ɗaki.

Gyara biyu muka yi, kuma da gangan muka yi su biyu. Na farko, muka huda ɗan rami mai faɗin milimita 3 a jikin bututun mayarwa, santimita ɗaya a ƙarƙashin fuskar ruwa, ta yadda da ruwa ya ɗan sauka iska za ta shiga ta katse zuƙon. Da wannan, abin da ke saukowa bai wuce lita 5 zuwa 6 ba. Amma rami mai wannan ƙanƙanta gishiri kan toshe shi, gansakuka kan toshe shi, ko dodon koɗi ya zauna a kansa, don haka ban yarda mu dogara da shi kaɗai ba. Na biyu, muka rage ruwan tankin ƙasa zuwa tsayin santimita 18, aka bar santimita 12 fanko, wato gurbin lita 18, wanda zai ɗauke lita 13 ɗin nan ko da ramin ya toshe gaba ɗaya. Muka ja layi da jan fenti a jikin gilashin, aka gaya wa kowa a gidan cewa ruwa ba ya wuce wannan layi. Bayan haka muka kashe famfon da hannunmu sau goma, biyar daga ciki ramin a toshe da ɗan tsinke, muna tsaye muna kallon ruwan yana hawa a hankali har ya tsaya da sauran wuri.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa ta ɗaya gefen, wato bututun saukowa ya toshe alhali famfo yana aiki, ya kwashe ruwan ƙasa ya ambaliyar da na sama. Domin wannan ne muka huda ramuka biyu: ɗaya yana aiki kullum, ɗayan yana ɗan sama da shi, a bushe, yana jiran ranar bukata. Ɗakin famfo kuma lita 8 yake ci, alhali saman akwatin kifi akwai gurbin fiye da lita 9, saboda haka ko duka biyun sun toshe famfo zai ƙare ruwansa kafin akwati ya cika. A ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, mai akwati kan yi shekara bai ga wannan gwaji ba. A wurinmu kuwa ana iya yin sa sau biyar a yini, shi ya sa nake ganin duk wanda zai yi tankin ƙasa a nan ya fara auna shi da halin da zai shiga in famfo ya tsaya, kafin ya yi tunanin kyansa yana gudu.

Ruwa da gishiri

Maƙwabta sun kawo shawarwari da kyakkyawar niyya, wani ya ce a zuba gishirin miya, wani dattijo ya ce gishirin Balma ya fi ƙarfi, wani kuma ya ambaci kanwa. Babu ɗaya da zai yi. Gishirin miya kusan sodiyam da kulorayid ne zalla, ruwan teku kuwa a kowace lita yana da magniziyam kusan giram 1.3, kalsiyam kimanin giram 0.4, fotasiyam kusan haka, da salfet, da sinadaran da ke riƙe ma'aunin tsaminsa a tsakanin 8.1 da 8.4. Kanwa za ta cilla wannan ma'auni sama fiye da kima. Dole sai haɗaɗɗen gishirin da ake yi musamman don akwatin kifin teku, wanda muka yi odarsa daga Legas aka aiko ta tashar mota zuwa Kano. Cika akwatin karon farko ya ci kilo uku da rabi da ɗan ɗoriya, sauyin lita 10 a kowane mako kuma yana cin kusan kilo 19 a shekara, kuɗin da ya kamata mai sha'awa ya sa a lissafi tun kafin ya sayi gilashi.

Ruwan da za a dama gishirin da shi ma sai da muka tace zaɓi. Burtsatsen ƙauyen yana tsakiyar gonakin da ake zuba wa takin zamani, gwaji kuma ya nuna akwai naitiret a cikinsa, wanda abincin gansakuka ne. Ruwan sama da aka tara daga rufin kwano yana iya ɗauko sinadarin zinc na jikin kwanon. Muka tsaya a kan ruwan wata masana'antar ruwan leda da ke tacewa da na'urar RO, mai cire narkakkun sinadarai daga ruwa, ana sayo shi a jarka, kuma ba a karɓa sai an tsoma ɗan ma'aunin narkakkun sinadarai an ga lambar tana ƙasa sosai. Duk mahaɗan bututu na roba ne, babu tagulla ko ɗaya, domin tagulla guba ce ga jatan lande da dodon koɗi.

Zafi da ƙafewa

Da farko akwatin yana ɗaki mai rufin kwano, a watan Afrilu kuma ruwan gwaji ya kai digiri 33 da la'asar. Muka kwashe komai zuwa tsohon soron kakan malamin mai kaurin bango da rufin azara, inda ruwan ya tsaya a 29 zuwa 30 ba tare da an yi masa komai ba. Sai muka ɗora ƙaramar fanka tana hura fuskar ruwan tankin ƙasa, ya sauko zuwa 27 ko 28. Dalilin shi ne wanda ke sa ruwan randa sanyi, shi ne kuma marigayi Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yi amfani da shi a tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, aikin da ya samu kyautar Rolex a kansa a shekarar 2000. Lita ɗaya da ta ƙafe tana tafiya da zafin da ya isa ya sauke lita 100 da kusan digiri 6, busasshiyar iskar bazararmu kuma tana shan ruwa sosai.

Sai dai ruwa ne kaɗai ke ƙafewa, gishiri yana nan. A ranakun zafi akwatin kan rasa lita 3 zuwa 4 a yini, kuma in aka bar shi kwana uku ya rasa lita 10, gishirinsa ya tashi daga giram 35 zuwa kusan 39 a lita. Duk wannan raguwa a ɗakin famfo take bayyana, domin sauran ɗakunan gilasan rabo ne ke riƙe tsayinsu, ɗakin famfo kuwa ƙarami ne, cikin yini da rabi famfo ya fara zuƙar iska. Muka ɗora jarka a kan kanta sama da tankin, muka haɗa ta da siririn tiyo da bawul na roba mai ƙwallo, irin na tankin ruwa, yana ɗiga tataccen ruwa marar gishiri duk lokacin da ruwa ya sauka. Jarkar mai lita 20 ce, amma lita 10 kawai ake zuba mata, domin in bawul ya maƙale a buɗe, lita 20 za ta sauke gishirin zuwa 29, ta kuma cinye gurbin da muka bari don ɗaukewar wuta. Ana auna gishirin da rifiraktomita, ƙaramin ma'aunin gishirin ruwa, sau biyu a mako, a rubuta a littafi.

Maganar wuta ba ta da tsawo, domin bayan daren da ruwa ya malala mun daina dogaro da ta gwamnati. Famfo da sikima da fanka da ɗan injin kaɗa ruwa suna cin kimanin wat 40 dare da rana, wato kusan kilowat-awa ɗaya a yini. Faifan sola biyu da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 suka riƙe su, kuma kuɗinsu ya ninka na akwatin da kifin duka.

Jiran bakteriya da zuwan kifi

Da gangan muka bar bazarar farko ta wuce babu kifi. A watan Mayu aka zuba busasshen dutsen murjani kilo 8 da farin yashinsa, aka dama gishiri, aka jefa ɗan gutsuren jatan lande ya ruɓe tare da kwalbar bakteriyar da aka aiko da gishirin. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce, kuma gubarta tana ƙaruwa a ruwa mai ɗumi irin na teku. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna mayar da ita naitirait, wasu su mayar da wannan naitiret mai sauƙin illa, wanda sauyin ruwa ke ragewa. Amoniya ta tashi a makon farko, naitirait ta biyo baya ta daɗe, sai a mako na shida duka biyun suka koma sifili. A tsakani wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, malamin ya so ya wanke komai, na roƙe shi ya bari, ta kuwa ragu da kanta.

A watan Yuli kifi biyu suka iso ta jirgi zuwa filin Malam Aminu Kano cikin leda mai oksijin, daga nan sai mota. Irin ƙananan nan ne masu ruwan lemo da fararen zane uku, waɗanda masana ke kira Amphiprion ocellaris, asalinsu gabashin tekun Indiya da yammacin tekun Fasifik, amma waɗannan a gidan kiwo aka ƙyanƙyashe su, shi ya sa suka saba da abincin gwangwani. An yi kusan awa guda ana ɗiga musu ruwan akwatin a bokiti kafin a sake su. Ɗalibai suka sa musu suna masu farar ɗamara, kuma darasin da ya fi kama hankalinsu shi ne cewa a wannan jinsi wanda ya fi girma ne ke rikiɗa ya zama mace, abin da suka gani da idonsu cikin 'yan watanni da ɗaya ya tsere wa ɗaya a girma. Bayan mako uku aka ƙara jatan lande ɗaya mai ja da fari da dodon koɗi huɗu.

Asarar da muka yi ta zo ne ta inda ba mu sa ido ba. A watan Agusta sauro ya yi yawa, wani yaron gidan ya fesa maganin sauro a zauren da ke manne da soron, ya rufe ƙofar waje, kamar yadda aka saba yi kowace damina. Sikima iskar ɗaki take zuƙa tana kaɗawa cikin ruwa, don haka ta shigar da maganin kai tsaye. Kafin sallar isha'i jatan landen ya kife, domin shi dangin ƙwari ne a halitta, abin da ke kashe sauro yana kashe shi, kifayen kuma suna sama suna haki. Abin da ya taimaka shi ne jarka biyu na damammen ruwan gishiri da muke ajiyewa kullum: aka kashe sikima, aka sauya lita 30 a daren, aka sa jakar gawayin tacewa a ɗakin farko na tankin ƙasa, kifayen suka farfaɗo a rana ta biyu. Na ji zafin wannan asara, domin na san illar maganin ƙwari ga kifi tun a kiwon tarwada, ban kuma haɗa shi da tiyon iskar sikima ba. Yanzu tiyon ya bi ta taga zuwa bayan gida, bakinsa cikin kwalbar gawayi, an kuma hana fesa magani da kunna turaren wuta a wannan sashe.

Hunturu ya zo da nasa. Ƙura takan kwanta a fuskar ruwa, sai aka yi wa akwatin murfin raga, aka koma wanke jakar tacewa duk bayan kwana biyu. Da asuba ruwan ya riƙa sauka zuwa digiri 22, hita mai wat 100 kuma in ta yi awa shida tana aiki takan cinye rabin abin da ake iya zara daga batirin ba tare da an lalata shi ba. Muka manna soso mai kauri a bangon baya da gefuna da jikin tankin ƙasa, ana kashe fanka, ana lulluɓe akwatin da bargo bayan isha'i, da haka ruwan ya tsaya a 24 zuwa 25, batir kuma yana kai safiya.

A halin yanzu kifayen biyu suna lafiya, naitiret yana ƙasa, ɗalibai suna zuwa rukuni-rukuni ranar Asabar, su ne ma ke auna gishiri su rubuta. Malamin yana so ya ƙara murjani mai rai, na ce masa: "Malam, ka dakata har mu ga ƙarshen Mayu." Bazarar da ta wuce babu rai a cikin ruwan, wannan mai zuwa ita ce ta farko da kifi, kuma digiri 28 da muka samu da fanka yana bakin iyaka. Mun sayi fanka ta biyu da famfon ajiya, mun kuma shirya da mai sayar da ƙanƙara a Ringim zai riƙa daskarar mana da gorunan ruwa rufaffu, waɗanda za a riƙa sa wa a ɗakin tsakiya na tankin ƙasa duk ranar da ma'auni ya taɓa 29.